Dungeon Crawl Classics bayan wata huɗu a falonmu: mutum 16 muka shiga da su, 5 suka fito

Wata huɗu kenan da littafin wasan nan, Dungeon Crawl Classics (DCC a taƙaice), ya shigo hannuna, wani ɗan'uwanmu ne da zai dawo daga Ingila na roƙa ya taho min da shi, kuma har yau in mun haɗu sai ya yi min mitar nauyinsa don abu ne kamar bulo, shafi kusan 500 ga bango mai tauri. Na ce ba zan rubuta komai a kansa ba sai mun buga shi sosai tukunna, to yanzu mun yi zama goma sha ɗaya, an yi dariya an yi fushi har an yi gaba ta sati biyu, ina ganin lokaci ya yi.

Ga wanda bai san irin wasan ba, a gurguje. Ba gem ɗin waya ba ne, ba kuma lido ba. Zama ake yi a tebur ko tabarma, mutum ɗaya ke ba da labari, a wannan littafin alƙali ake ce masa, sauran kuma kowa na riƙe da nasa mutumin a cikin labarin yana faɗin abin da zai yi, kamar tatsuniya ce amma masu sauraron su ne a ciki. In abin da kake son yi zai iya ɓaci sai a jefa dayis, ɗan lido dai amma mai fuskoki da yawa. Ba kuɗi a ciki ba caca ba ce, na faɗa ne don ita ce tambayar farko da Hajiyarmu ta yi da ta leƙo falo ta ga dayis a warwatse.

Kamfanin Goodman Games na Amurka ne ya fitar da shi a 2012, Joseph Goodman ya rubuta, kuma manufarsa a fili take, so yake ya maido da ɗanɗanon wasan na shekarun 1970 lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons and Dragons, wato D&D na farko a 1974, zamanin da in layif ɗinka, wato makin ran mutuminka, ya kai sifili shikenan ka mutu a ɗauko sabuwar takarda. Zanen ciki baƙi da fari ne irin na da, taswirorin Doug Kovacs kuwa wallahi ko ba ka wasa za ka zauna kana kallonsu. Dayis ɗinsa ma na daban ne, bayan waɗanda aka saba akwai mai fuska 3, 5, 7, 14, 16, 24 da 30, mu ba mu da su, manhajar waya muke amfani da ita in an zo kansu, kuma littafin ya nuna yadda za ka yi dabara da dayis na yau da kullum.

Amma abin da ya sa na nemi littafin, kuma abin da ya kusa watsa mana zama, shi ne abin da suke kira mazurari. Wasan farko ba jarumi ake ba ka ba. Talakawan ƙauye ake ba ka, kamar uku ko huɗu, 'yan mataki na sifili, kuma ba ka zaɓar komai. Ƙarfi, zafin nama, juriya, farin jini, kaifin ƙwaƙwalwa da sa'a, kowanne ka jefa dayis uku masu fuska shida ka rubuta abin da ya fito a jere ba canji ba musaya. Sana'a ma jefawa ake yi a jadawali mai lamba 100, kana iya fitowa manomi da kaza a hannu, ko mahauci, ko mai haƙa kabari, ko mai bara da ƙoƙonsa, ko mai kwashe masai da buhun abin da ya kwaso. Layif kuma dayis mai fuska huɗu ne, wato daga 1 zuwa 4, sai ɗan ƙari ko ragi gwargwadon juriyarka. A zuba su duka a cikin rami mai hatsari, wanda ya fito da rai ya samu maki 10 shi ne zai zama jaruminka na mataki na ɗaya. Mazurari kenan, a zuba da yawa ta sama kaɗan su fito ta ƙasa.

Mu huɗu ne 'yan wasa ni na biyar alƙali. Akwai ƙanwata, ma'abociyar karatun littattafai, wadda tun muna buga D&D ita ce mai zuwa da tarihin jarumarta shafi uku a rubuce. Akwai abokina tun na sakandare, ɗan gem ne na gaske, irin masu cewa in wasa ba a mutuwa a cikinsa ba wasa ba ne. Akwai abokin aikina da ya san harkar ta kallon Critical Role, shirin da ake nuna mutane suna buga irin wasan nan, a YouTube, shi abin da ya kawo shi shi ne canza murya da wasan kwaikwayo. Sai ɗan yayata ɗan shekara 15 wanda shi dai a ba shi abin duka ya daka. Mutum huɗu, buƙata huɗu, ni kuma ban tambayi kowa komai ba, na dai ce musu na samo sabon wasa mai daɗi ku zo ran Asabar bayan la'asar. Wannan laifina ne ba na littafin ba, don littafin bai ɓoye komai ba, ƙiri-ƙiri ya ce mafi yawansu mutuwa za su yi.

Mun fara da ɗan labarin da ke cikin littafin, The Portal Under the Stars, wanda aka tsara don mutum 15 zuwa 20, mu muna da 16. Zan ɗan fasa ƙwai kaɗan a nan, wanda ke shirin bugawa ya tsallake. Cikin huɗun ƙanwata akwai wata 'yar jinsin elf, masu dogon kunnen nan, mai kiwon shaho, da wuƙa da shahonta. Tana gani ta ce wannan ce tawa. Kafin mu fara har ta raɗa mata suna, ta raɗa wa shahon, ta ƙirƙiro mata uba da aka kashe da dalilin da ya raba ta da garinsu, sauran ukun ko kallonsu ba ta yi ba, musamman mai kwashe masai da ta tura takardarsa can gefen faranti. To daga shiga, ɗaki na farko-farko, akwai gumaka huɗu kowanne riƙe da mashi, ana shigowa suke wurgowa. Ita ta sa 'yar shahonta a gaba don a ganinta jaruma ai ita ke jan gaba. Mashi ɓarnarsa daga 1 zuwa 8 ne, yarinya na da layif 3. Na jefa a fili kowa na gani, ya same ta, ɓarna ta fito 6.

Na ce ta mutu. Ta ce to a jefa na ceto mana. Na ce babu shi a nan.

Dole in tsaya a nan don a gane me take nufi. A D&D bugu na biyar, na 2014, in layif ɗinka ya kai sifili faɗuwa kake yi ba mutuwa ba, duk zagaye ka jefa mai fuska 20, in ka samu 10 ko sama ka ci ɗaya, ci uku ka tsira faɗuwa uku ka mutu, in 20 ta fito ma ka farfaɗo da layif ɗaya. Lamba 11 cikin 20 na gefenka kenan a kowace jifa, ga abokai da za su iya yi maka magani kafin nan, in ma ka mutu ɗin akwai sihirin da zai tashe ka cikin minti ɗaya in akwai lu'ulu'u na zinare 300. Shekara biyu muna buga wancan ba wanda ya taɓa mutuwa a teburinmu. Da wannan tunanin ta zo. A DCC kuwa ɗan mataki na sifili in ya kai sifili ya tafi kenan, ko numfashin ƙarshe ba a ba shi.

Abokina ya fashe da dariya har da buga tebur, ita kuma ta ajiye biro ta ce, Yaya, minti goma fa da farawa, me ye amfanin abin da na rubuta. Na ce ai kina da saura uku. Ta ce ba su nake so ba. Daga nan ta koma danna waya, in zagayenta ya zo sai ta ce su bi baya kawai. Abokin aikina shi ma ya shiga ruɗu, ya shirya muryoyi huɗu daban-daban, muryar tsoho mai haƙa kabari ta fi kyau, babban gunkin nan mai nuna yatsa yana watso wuta ya ƙone tsohon kafin ya gama jimlarsa ta uku. Ɗan yayata kuwa ranar sallah ce a wajensa, uku nasa suka mutu a jere yana ihu yana cewa Kawu ƙaro min wani. A ƙarshe biyar suka fito. Cikin na ƙanwata ɗaya ya rage, kuma kun san wane ne, mai kwashe masai, da buhunsa, don tunda ba ta damu da shi ba kullum yana can baya.

Da daddare na yi ta tunanin ko in ajiye littafin mu koma abin da muka saba. Abin da na yi shi ne sati na gaba ba mu buga komai ba, shayi muka dafa na tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, in mutuminka ya mutu ya kake so ya kasance. Amsoshin sun ba ni mamaki. Ƙanwata ta ce ita ba mutuwar ce ta dame ta ba, mutuwar banza ce, a littafi in jaruma za ta mutu ai sai an ga dalili an yi kuka, ba wai ta buɗe ƙofa mashi ya soke ta ba. Abokina ya ce dalilin me, duniya ma haka take, kuma in ya san alƙali zai tausaya masa to duk nasarar da ya samu ta bogi ce. Abokin aikina ya ce a kashe shi ba komai amma a ba shi minti ɗaya ya yi jawabin bankwana. Yaron ya ce shi dai kar a bar shi zaune yana kallo. Duk gaskiya suka faɗa kuma littafin mutum ɗaya ya ɗauka a cikinsu, abokina. Sauran ukun sai da na yi ɗinki da kaina.

Abin da muka tsayar, dayis a fili zan riƙa jefawa ba ɓoyo ba sassauci, amma kafin duk wani abu mai kisa dole in nuna alama, ƙasusuwa a bakin ƙofa ko ƙauri ko tabon ƙuna a bango, in ka ga haka ka kutsa to kai ka so. Wanda ya mutu yana da kalmar ƙarshe. Kuma kullum akwai ɗan dako ko fursuna a kusa da mutum zai ɗauka ya ci gaba da wasa. Ba ɗaya daga cikin ukun nan da ya saɓa wa dokar littafin, amma ban samu wani sashe da ya zaunar da sabon alƙali ya ce masa ka yi wannan hirar da mutanenka kafin ka fara ba, kuma a ganina shi ne babban giɓinsa. Littafin na magana ne kamar duk wanda ya buɗe shi ya riga ya san irin rawar da ake takawa. In ka kwatanta da Daggerheart, wani wasan irin wannan da ya fito a 2025, za ka ga nisan tunanin, can in ka faɗi kai ke zaɓa cikin uku, ko ka yi bugun ƙarshe mai ƙarfi ka mutu da daraja, ko ka kauce wa mutuwa ka tashi wataƙila da tabo, ko ka jefa dayis a yi ta ta ƙare. Da wancan na kawo da ƙanwata ba ta ajiye biro ba, amma da abokina ya yi hamma ya tafi.

To ga inda littafin ya ci ni da yaƙi, kuma shi ya sa duk da ƙorafin nan nake cewa kuɗin ɗan'uwana bai tafi a banza ba. Mai kwashe masan nan ya zama ɓarawo na mataki na ɗaya, ɓarawo ɗaya ne daga cikin rukunan jaruman wasan, kuma ƙanwata da ba ta rubuta masa ko layi ɗaya ba yanzu ta fi son sa a kan duk jaruman da ta taɓa yi. Tarihinsa a gabanmu ya faru, shi ne ya ɗauki wuƙar 'yar shahon daga gawarta, shahon ma shi yake bi yanzu don na ƙyale, shi ne ya watsa wa wani dodo buhunsa a fuska muka samu muka gudu. Ba wanda ya tsara wannan, dayis ne da tsoro suka rubuta. Ita da kanta ta ce da bakinta, Yaya, wannan nawa ne fiye da waccan. Mazurarin ashe ba don kisa kawai aka yi shi ba, hanya ce ta sa ka ƙaunaci wanda ba ka zaɓa ba.

Bayan mataki na ɗaya mutuwa tana ɗan ja da baya amma ba ta barin ɗakin. In ka faɗi kana da zagaye daidai da matakinka a yi maka magani, ɗan mataki na ɗaya zagaye ɗaya, na biyu zagaye biyu, in an ceto ka kuma ka rasa maki ɗaya na juriya har abada ga tabo. In lokacin ya wuce saura dama ɗaya, in abokanka suka iso gawarka cikin awa ɗaya suka juya ta sai ka jefa mai fuska 20, in lambar ta yi daidai da sa'arka ko ƙasa da ita ashe suma ka yi, ka tashi da layif ɗaya kana layi da wata naƙasa ta dindindin. Ita kuma sa'ar nan ana iya ƙona ta, wato ka cire maki daga cikinta ka ƙara wa jifar da ta gaza, ɓarawo da halfilin, wani jinsin gajerun mutane a wasan, tasu tana dawowa a hankali, ta sauran kuwa ba ta dawowa da kanta. Wannan tsarin ya burge ni ƙwarai don duk lokacin da ka ƙona sa'a don ka burge mutane, bashi ka ci daga ranar mutuwarka.

Kuma haka aka yi wa abokina, mai cewa wasa ba mutuwa ba wasa ba ne. Mayaƙinsa ya fito daga mazurari da sa'a 13, mahauci ne asali, ya kai mataki na biyu, maki 50 kenan, zama wajen bakwai yana tare da shi. Amma mutumin ba ya iya ganin sara ya kuskure, kullum ƙona biyu ƙona uku, ƙanwata har tana ce masa Yaya ka rage wannan almubazzarancin, yana cewa sa'a ai don a ci aka yi ta. Ranar da abin ya faru saura 5. Wani ƙaton abu ya samu 20 a kansa, na jefa a jadawalin mugun bugu na dodanni, ya faɗi, mai maganinmu yana can nesa an tare shi, zagaye biyu suka wuce. Bayan faɗa suka zo suka juya gawar. Biyar cikin ashirin, kashi 25 cikin ɗari. Ya riƙe dayis ɗin ya fi minti ɗaya yana hura masa iska, falo tsit har ƙarar fanka ake ji. 11.

Da tun farko bai taɓa sa'arsa ba da ya tashi, kowa a teburin ya yi wannan lissafin a zuci ba wanda ya furta. Sai ya ce, malam, dayis ɗin ya bugi kofi fa, a sake. Bai bugi komai ba. Na ce kalmarka ta ƙarshe. Ya ce ba shi da ita. Ya tambaya ko akwai sihirin tayar da matacce, na ce ban ga irinsa a jerin ba, littafin cewa yake in kana son abu irin wannan sai an yi tafiya ta musamman an nemo shi da wahala. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, sati biyu ba mu gan shi ba, a guruf ɗinmu na WhatsApp ma sai dai ya karanta ya yi shiru. Ƙanwata ba ta yi masa dariya ba ko kaɗan, abin da ya ba ni mamaki, ita ce ma ta kira shi.

Sauran abubuwa a taƙaice. Turancin littafin yana da nauyi, da gangan aka cusa tsofaffin kalmomi, wanda Turancinsa na makaranta ne kawai zai sha duba ƙamus. Kowane sihiri yana da nasa jadawalin, wani shafi guda wani fiye, shi ya sa littafin ya yi kauri, kuma a tsakiyar faɗa neman shafi na cin lokaci, mu hoto muka ɗauka a waya. Akwai bokaye da aljanu da alloli na ƙirƙira a ciki sosai, har da matsafi mai ƙulla yarjejeniya da wani ubangidan ɓoye, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da irin wannan ba ya sani tun kafin ya kashe kuɗinsa, mu akwai abubuwan da muka tsallake kuma wasan bai rage komai ba. Shafin Purple Sorcerer na intanet yana fitar maka da 'yan mataki na sifili huɗu a takarda ɗaya kyauta, ka buga da yawa ka ajiye, za ka buƙace su. In mutanenka masu son dogon labari ne da jarumin da suka ƙera da hannunsu, kar ka fara musu da wannan ba tare da ka gaya musu gaskiya ba, in ma za ka iya ka ce musu kar wanda ya raɗa suna sai an fito daga ramin farko.

Abokina ya dawo Asabar ta uku da ledar tsire, bai ce komai a kan abin da ya wuce ba, ya ce a ba shi takarda. Muka yi masa ƙaramin mazurari shi da yaron, sabbin ƙauyawa huɗu-huɗu. Ya samu mai kiwon zuma, manomi da agwagwa, mai bara, da wani wada makiyayi. Na lura duk ɗakin da aka shiga mai zumar yana can baya, kuma da wani sara ya kuskure da maki ɗaya tak yaron ya ce Kawu ƙona sa'a mana, ya ce a'a bar ta. Takardar mahaucin har yanzu tana cikin bayan murfin wayarsa, na gani lokacin da ya cire zai yi caji.